Land Rover Mai Gas Da Kanikawan Da Suka Riƙe Ta A Hanyar Babban Mutum

 Makon nan za mu ɗan ajiye tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe, mu leƙa ƙarƙashin mota. Maganarmu a kan tsohuwar Land Rover ce mai amfani da man gas, wadda bakinmu ya mayar Landiroba, da kuma kanikawa da masu rewaya da suka riƙe ta da rai shekara da shekaru bayan waɗanda suka kawo ta sun tattara sun tafi.

GARI A BAKIN IYAKA

Babban Mutum yana cikin Ƙaramar Hukumar Ɓaure ta masarautar Daura, dab da iyakar Nijeriya da Nijar. Mai tasowa daga Daura zai biyo ta Zango da Ɓaure, mai tasowa daga Kano kuma ya biyo ta Ɓaɓura. Wanda ya ƙetare, Magarya ce a gabansa, daga nan sai Damagaram. Ita kanta iyakar ba ta tsufa ba, domin tsakanin 1906 da 1908 ne Turawan Ingila da na Faransa suka bi suka kakkafa alamominta. Ƙasar kuwa iri ɗaya ce nan da can: jigawa ce mai rairayi, mai son gero da gyaɗa, marar son taya. Da rani mota ta nutse a yashi, da damina ta kafe a kwari. Shi ya sa aka daɗe hakimi da Di'o suna rangadi a kan doki, kaya kuma suna kan jaki da raƙumi, ko da yake jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911.

YADDA AKA HAIFE TA

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Rover na Ingila ya shiga tsaka mai wuya. Ƙarfe ya yi ƙaranci, gwamnati ce ke rabon sa, kuma kamfanin da ke sayar da kaya a ƙasashen waje shi ake fifitawa. Sai wa da ƙane da ke riƙe da kamfanin, Spencer Wilks da Maurice Wilks, suka yi dabarar ƙera motar manoma mai kama da Jeep ɗin sojojin Amurka. Suka yi shasi da ƙarfe, bodi kuma da alminiyum, tunda shi ya fi samuwa. An fara nuna ta a birnin Amsterdam na ƙasar Holan ranar 30 ga Afrilu, 1948.

Da fetur ta fara. Sai a 1957 aka sa mata injin gas na farko, a 1961 kuma aka fito da wanda ya fi shahara, mai silinda huɗu da girman cc 2,286, a samfurin da ake kira Series IIA. Ƙarfin doki 62 kacal gare shi, ƙaramar motar gida ta yau ma ta fi shi. Amma ba don gudu aka yi shi ba. Banda giyar da kowa ya sani, direba yana da wasu sanduna biyu a gefensa. In ya danna mai rawayan kai, tayoyi huɗun duka su ja. In ya ja mai jan kai baya, motar ta koma tafiyar hawainiya amma da ƙarfin raƙumi. A yashin jigawa wannan ake bukata, sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wani abu da ya kamata ɗan ƙasar gyaɗa ya sani game da irin wannan inji. Sunan Bajamushen da ya ƙirƙiro shi, Rudolf Diesel, shi ne ya zama dizal. A babban baje kolin birnin Paris na 1900 an nuna wani injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla. Wato abin da kakanninmu ke nomawa ya taɓa juya inji tun kafin inji ya iso garinsu.

MOTAR HUKUMA

A Arewa, Land Rover motar hukuma ce tun farko. Di'o da En'e da 'yan sanda da ma'aikatan gona da na lafiya ita suke shiga ƙauye da ita, kamfanin BEWAC kuma na cikin manyan dillalanta. A 1962 aka fara gagarumin aikin rigakafin ciwon bushiya na shanu a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, aikin da sai an bi makiyayi har rugarsa, inda babu hanya sai sawun shanu. Irin wannan aiki ne ya sa mutanen karkara suka san ƙarar motar tun kafin ta ɓullo. Sarkin Daura Abdurrahman na kan gado ta fara shigowa, zamanin Sarki Muhammadu Bashar kuma, daga 1966 zuwa 2007, shi ya ga ganiyarta ya kuma ga tsufanta.

Zama a bakin iyaka ya ƙara wa direba da makanike wani aiki. Har zuwa ranar 2 ga Afrilu, 1972, a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, Nijar kuma a hannun dama, don haka duk wanda ya ƙetare ta Babban Mutum sai ya sauya hannu. Notinan Land Rover da awon inci aka yi su, na motocin Faransa irin su Peugeot kuma da milimita, saboda haka makaniken da ke son cin kasuwar ɓangarorin biyu sai ya tanadi sufana iri biyu. Man ma suna biyu gare shi, nan a ce gas, can a ce gazuwal.

Da kuɗin man fetur suka shigo, gwamnatin tarayya ta kafa masana'antun harhaɗa motoci: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Mercedes a Inugu, sai Leyland a Ibadan, inda ake harhaɗa Land Rover. Abin bai ɗore ba. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta ɗaure shigo da kaya a 1982, ta Babangida kuma ta kawo tsarin SAP a 1986, darajar naira ta zube. Sabon kayan gyara daga Ingila ya gagari ma'aikatu, ballantana talaka. A daidai lokacin nan kuma Land Cruiser ta kamfanin Toyota ta riga ta fara ƙwace kasuwa, domin ta fi ƙarfi kuma ba ta cika kwanciya ba. Tsofaffin Land Rover na hukuma sai aka riƙa gwanjon su, suka faɗa hannun 'yan kasuwa da direbobin ƙauye, suka koma ɗaukar buhuna da awaki da fasinja zuwa kasuwanni.

Daga nan tarihin motar ya bar hannun kamfani ya koma hannun makanike. Babu dillali, babu littafin gyara, in ma akwai da Turanci yake. Abin da ya rage shi ne ido da kunne da abin da maigida ya koya wa yaronsa. Ilmin nan kashi biyu ne, na waya da na inji.

ILMIN WAYA

Abu na farko da mai rewaya ke koya shi ne injin gas ba ya bukatar tartsatsi. Iska yake matsewa a cikin silinda, a wannan injin har ninki 23, ta yi zafin da in an fesa mata gas zai kama da kansa. Wuta tana da aiki ne wajen tayar da shi, da cajin batir, da fitilu. In ya tashi, ko an cire batir zai ci gaba da aiki, kashe shi ma sai an ja wani maɓalli da ke datse mai. Wannan ne ya sa motar da wayoyinta suka lalace kakaf take iya kai mutane gida, muddin an sami masu turi ko gangara.

Kayan wutar na kamfanin Lucas ne na Birmingham. Kamfanin yana yi wa fitilarsa kirari da sarkin hanya, direbobin Ingila kuma don tsokana suka laƙaba masa yariman duhu. Duk da haka tsarin wayarsa yana da ƙa'ida, kuma launi ne harshensa. Waya mai ruwan ƙasa daga batir take, kullum da wuta a jikinta. Fara sai an murɗa makulli take ɗauka. Koriya ita ma sai an murɗa makulli, amma ta bi ta fis. Shuɗiya ta manyan fitilu ce, ja ta ƙananan fitilu, baƙa kuma ita ce hanyar da wuta ke bi ta koma batir, wadda masu rewaya ke kira as. Wanda ya haddace wannan zai karanta motar kamar allo. Matsalar ita ce bayan shekara talatin hannu goma ya taɓa wayoyin, kowa ya jona da abin da ya samu, har launi ya daina faɗin gaskiya.

Sai a koma ga kayan aiki mafi arha a gareji, wato kwan fitila da waya biyu. A maƙala ɗaya a jikin shasi, a riƙa taɓa ɗayar wuri-wuri daga batir zuwa abin da ya ƙi aiki. Inda kwan ya kama, wuta ta iso. Inda ya ƙi, to tsakanin nan da wurin baya cutar take. Ƙwararre ba ya sayen sabon abu sai ya bi wannan sawu.

Misali mai kyau shi ne ciwon sanyin hunturu. Da asubar muku-muku injin gas ba ya son tashi, don haka kowace silinda tana da hita, ɗan ƙarfen da ke yin ja ya ɗumama ɗakin ƙonewa. A tsofaffin samfura an jona hitocin huɗu ne a jere kamar carbi, wuta ta fita daga wannan ta shiga wancan. Ɗaya ya ƙone, huɗun duka sun mutu. Direba ya yi ta buga sitata, farin hayaƙi na fita, har batir ya ƙare, ya ɗauka injinsa ne ya gama. Mai rewaya kuwa zai bi carbin da kwan fitilarsa, cikin 'yan mintoci ya nuna wanda ya tsinke. Daga baya da yawa sun sauya su da irin waɗanda kowanne ke cin wutarsa shi kaɗai.

Ciwo na biyu ya samo asali ne tun daga shawarar 1948. Alminiyum ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, shi ya sa bodin ke daɗewa, amma inda ya haɗu da ƙarfe, in laima ta shiga, wani farin gari yake fitarwa mai toshe hanyar wuta. As ya yi rauni ke nan. Sai ka ga an kunna sigina fitilar birki na ƙyaftawa, ko sitata ta yi ƙas ta tsaya alhali batir cike yake. Maganin ba tsada: a kwance, a kankare har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure, a ƙara wata kakkaurar waya daga batir zuwa jikin inji.

Na uku tarko ne na tarihi. Motocin da aka ƙera kafin 1967, kan batir mai alamar + shi ake haɗawa da shasi, saɓanin yadda kowace mota take a yau. Dainamo suke da shi kuma, sai da Series III ta fito a 1971 altaneta ya zama na kowa. Yaron da bai san wannan ba, in ya ɗaura altaneta ko rediyo a tsohuwar mota ba tare da an juya tsarin ba, nan take zai ƙona su. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Haka nan wanda ya maye gurbin fis da guntun waya don ya huta da ƙonewarsa, ya cire mai gadi ne ya bar ƙofa buɗe, ranar da waya ta goge a jikin ƙarfe gobara ce. Yau da na'urar awo ta yi arha, gwajin caji ya zo da sauƙi. Lafiyayyen batir a kashe zai nuna wajen 12.6, in inji na aiki kuma ya hau kusan 14. In bai hau ba, a fara duba bel da ɗan kwan cajin da ke gaban direba kafin a zargi altaneta, domin ta cikin wannan kwan yake samun wutar farawa.

ILMIN INJI

Kafin a sauke inji, hayaƙi ake fara tambaya. Shuɗi yana nufin baƙin mai na ƙonewa, zoben fistin ko hanyar bawul sun ci. Baƙi yana nufin gas ya fi iska yawa, ko matatar iska ta toshe ko nozul na zuba maimakon feshi. Fari kuma gas ne da bai ƙone ba, ko ruwan lagireto ya sami hanya ta gaskit. In an buɗe murfin baƙin mai aka ga yana huci kamar tukunya, ga fitilar mai tana leƙowa in inji ya yi zafi, to lokaci ya yi. Wanda ya ƙi ji ya ci gaba da lodi, wata rana zai ji injin ya buga.

Manyan abokan gaban injin a ƙasarmu biyu ne, ƙura da gurɓataccen mai. Matatar iskarsa irin mai kwanon baƙin mai ce a ƙasa, ƙura ta faɗa ciki ta maƙale. Tana aiki sosai in ana wanke ta, in an manta kuma yashin hunturu ya wuce ya riƙa goge silinda kamar dutsen wasa wuƙa. Famfon gas ɗin, na kamfanin CAV, da gas ɗin da ke bi ta cikinsa yake samun santsi, don haka man da aka surka da kananzir ko ruwa yana cinye shi a hankali.

Aikin sauke inji aikin natsuwa ne. Ana shimfiɗa buhu ko kwali, a jera komai yadda aka ciro shi, a yi wa kowane fistin da murfin metal alama, domin kowanne da gurbinsa. A wanke da kananzir, sannan a auna. Silindar da ta faɗaɗa sai a kai bulok wurin masu injin huda, su ƙara mata faɗi zuwa 020 ko 040, a sayo fistin daidai da haka, in ta wuce nan a sa mata silif. Karanshaf ma a auna shi, a duba ko ya tsage. A kan metal uku yake kwance a tsofaffin injuna, kuma yana da halin karyewa in an matsa masa, abin da ya sa kamfanin ya mayar da su biyar a 1980. Kan silinda yana tsagewa tsakanin bawul da bawul in an bar mota ta yi zafi, kuma akwai wasu ƙananan ƙoƙuna a jikinsa da in suka yi sako-sako sukan faɗo kan fistin su yi ɓarna. Irin wannan aiki da neman kaya shi ke kai makaniken ƙasar Daura Kano, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake samun na Kwatano da na gawar wata motar.

Wajen haɗawa, notinan kan silinda daga tsakiya ake fara ɗaure su a fita gefe, kaɗan-kaɗan, don kada ya karkace. Tazarar bawul 0.25 na milimita ce, silindu kuma suna bugawa a jeren 1, 3, 4, 2. A daidaita famfo da alamar da ke jikin fulawil, a fitar da iska daga bututan mai, sannan a ce bismillah. Ko ya tashi ba a gama ba. Sai an lallaɓa shi wajen kilomita 800 ba lodi mai nauyi, a juye baƙin mai, a sake bin notinan. Mai mota da ya matsu ya ga kuɗinsa sun dawo, a wannan gaɓar yake kashe aikin wata guda.

ABIN DA YA RAGE

Series III ta tsaya a 1985. 'Yarta da aka raɗa wa Defender a 1990 ta ci gaba har ranar 29 ga Janairu, 2016, lokacin da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Solihull, bayan an ƙera sama da miliyan 2 na zuriyar. Kamfanin kansa tun 2008 yana hannun Tata na Indiya. A nan gida kwalta ta isa wurare da dama, babur ya karɓe ƙananan hanyoyi, litar gas kuma ta haura naira 1,000 a shekarun nan. Rufe iyaka na 1984 zuwa 1986, da na 2019, da na 2023, kowanne ya taɓa abincin direba da makaniken da ke jiran sa. Da yawa daga cikin motocin sun tafi wurin 'yan gwangwan, bodinsu ya zama tukwane.

Motocin gas na yanzu kwamfuta ce ke ba su mai. Sun fi ƙarfi, sun fi tsafta, amma in suka tsaya a daji sai an kawo na'ura ta karanta su, kuma sau da yawa maganin shi ne a cire a sa sabo. Duk da haka, yaron da ke riƙe da wannan na'ura yana bukatar abin da tsohon mai rewaya ya sani, domin na'urar tana faɗin inda ake kuka ne kawai, bin waya har a kai ga inda ta tsinke aikin mutum ne. As mai rauni yana rikita motar 2020 kamar yadda yake rikita ta 1965. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tun watan Disamba na 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a Daura, ga kuma kwalejojin kimiyya da fasaha a jihar. Wannan abin farin ciki ne. Amma mutanen da suka yi shekara arba'in suna tayar da injin da kamfaninsa ya manta da shi suna nan a garejojin Daura da Zango da Ɓaure da Magarya, sun tsufa, kuma abin da ke kansu bai shiga takarda ba. Sunayen da suka raɗa wa sassan inji da Hausa, da wanda ya koya wa wane, da yadda suka yi a shekarun da kayan gyara suka ɓace, duk tarihi ne, kuma kowace jana'iza tana tafiya da wani yanki nasa.

Don haka ga roƙona ga 'yan uwa marubuta da ɗaliban fasaha da ke cikinmu. Wanda ke da irin wannan dattijo a unguwarsu ya je ya gaishe shi, ya nemi izini ya naɗi muryarsa a waya. Ya tambaye shi motar da ya fara saukewa, da wurin wanda ya koya, da gyaran da ya fi ba shi wuya. Abin da aka samo a kawo nan mu haɗa. Wanda kuma ya san wata Landiroba mai gas da ke kan aiki har yanzu a yankinsu, ya gaya mana garin.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a sana'ar kowa.